Allon Zanen Yaya

Asabar, da yamma

Anti ce ta ce in nemo wa Yaya sabon allo. Ta tare ni a bakin famfo ina wanke burushi, ta yi ƙasa da murya kamar mai sayar da kayan sata, ta ce, "Ƙaramin miji, aiki zan ba ka." Duk ranar da matar Yaya ta kira ni haka, na san wahala ce ta zo.

Na ce ni mai fentin bango ne, ina ni ina allon kwamfuta? Ta ce ai yayanka ma fentin bango yake yi, nasa dai ba ya ɓata riga.

Gaskiyarta. Yaya yana aiki a wani kamfani mai yin fim ɗin zane. Wasu su gina gida a cikin kwamfuta, fari fat, sumul kamar roba, sai su turo masa. Shi ne zai sa masa fata, haka yake kiran aikin. Tsagewa, tsatsa, inda ruwan sama ya bi ya bar sawu, inda hannun mutane ya yi ta shafa har ya yi baƙi. Ni ana kirana in ɓoye tsagewa, shi ana kiransa ya zana ta. Da can da wannan yake tsokanata.

Tsohon allonsa yana cikin jakar da ya goya a ranar da ya yi hatsari a mashin. Gilashin ya zama gari. Jakar tana ƙarƙashin gado, har yau ba wanda ya zazzage ta.

Madam ɗinsu ta wurin aiki ta ce za ta riƙe masa kujerarsa zuwa ƙarshen wata. Bango ɗaya kawai take so ya turo, tsohon bango, ta ga hannun ya dawo. In bai turo ba za ta ɗauki wani. Da ladabi ta faɗa, amma ta faɗa.

Lahadi, da safe

Na kai masa shayi. Da hagu ya karɓa. Na daman yana cikin aljihun riga, kullum can yake tun da aka cire bandeji. Na ce ya jiki, ya ce da sauƙi.

Litinin, bayan na tashi daga aiki

Na je shagon Dogo, mai kayan kwamfuta. Ni na yi masa fentin shagon bara, shi ya sa ba ya yi mini kallon wanda ya ɓata hanya.

"Mai fenti! Yau kuma me za ka ɗiga mini a kanta?"

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya daina dariya, ya ce ya jikin mutumin. Na ce da sauƙi.

Ya sauko da kwalaye ya baje. Ya ce iri biyu ne. Akwai mai gilashi, wanda zanen yake fitowa a ƙarƙashin alƙalami, kana yi kana gani kamar a takarda. Akwai kuma baƙin allo, shi ba ya nuna komai, hannunka yana kansa, idonka yana can kan fuskar kwamfuta. Ya ture baƙin gefe da bayan hannu ya ce wannan na masu koyo ne, yayanka ya wuce nan tuntuni.

Na tuna. Da irinsa Yaya ya fara tun ina ƙarami. Inna takan leƙa ta ce wannan yaro hannunsa daban, idonsa daban, Allah ya sa lafiya.

Dogo ya yi ta bayani. Alƙalamin yana jin nauyin hannu, in ka danna layi ya yi kauri, in ka sassauta ya yi siriri. Yana jin karkacewa ma. Ya kira mini wasu lambobi masu yawa, na gyaɗa kai, ban riƙe ko ɗaya ba. Ni dai na shafa fuskar kowanne da tafin hannu, don abin da na iya ke nan.

Na zaɓi mai gilashi, irin wanda ya fashe, har ya ɗan fi shi faɗi. Dogo ya ce in kai ya gwada, in bai yi ba in dawo da shi, kada dai in yar da kwalin, kada kuma in taɓa shi da hannun fenti.

A ƙasa na dawo, na bi ta bayan kasuwa. Ya fi nisa, amma ba na bin mahaɗar da hatsarin ya faru yanzu.

Talata, da hantsi

Ban je aiki ba don in ga gwajin.

Shi ya nuna mini inda kowace waya za ta shiga, da baki, yana zaune. Gilashin ya kawo haske. Sai da ya daɗe kafin ya ciro hannun. Ba zan rubuta yadda yake ba. Mai gashin ƙashi a asibiti ta ce zai riƙe alƙalami, ta ce sauran yatsun sun isa, kuma na yarda da ita don na ga yadda yake matse ƙwallon robar nan da ta ba shi.

Ya ɗora hannun a kan gilashin. Hasken ya taso daga ƙasa ya fito da komai, har ramukan ɗinkin. Ya ja layi ɗaya. Layin ya tafi yana rawa kamar zaren da iska ta kaɗa. Ya goge, ya sake. Ya goge. Anti tana bakin ƙofa da tsintsiya, tana share wurin da ta riga ta share.

Ya ajiye alƙalamin a hankali ya ce, "Ka gode wa Dogo." Hannun ya koma aljihu.

Talata, da yamma

Santsi ne, ina jin. Gilashin ya cika santsi. Ko ni in bango ya yi sumul da yawa burushi zamewa yake yi.

Alhamis, da rana

Dogo ya ba ni wata leda mai ɗan kaushi da ake mannawa a kan gilashin, ya ce da ita alƙalami zai ji kamar a takarda yake. Ni na manna ta, na kore iskar da katin waya, ko kumfa ɗaya babu. Abin da na fi iyawa a duk wannan harka ke nan.

Ya gwada don kada in ji ba daɗi. Layin nan dai.

Juma'a

Da sauƙi, in ji shi.

Asabar, da safe

Inna ta sake gyara tampol ɗin da aka rufe mashin ɗin da shi a lungun shiga gida. Iska ce take yaye gefe ɗaya, sai madubin da ya karye ya leƙo. Ta ɗora bulo. Wani ya zo jiya yana tambaya ko na sayarwa ne, ta ce ba mashin a gidan nan. Mutumin yana tsaye a gabansa.

Lahadi, da la'asar

Na lura alƙalamin yana juyawa a hannunsa, ya yi masa siriri. In mariƙin rola ya yi mini haka, salatif ɗin takarda nake naɗa masa har ya cika hannu. Na naɗa wa alƙalamin, na bar wurin maɓallan a buɗe.

Anti ta gani ta ce, "To, shi ma alƙalamin an yi masa bandeji." Ta faɗa ne don a yi dariya. Ba wanda ya yi. Ta shige kicin, na ji tana ta buga tukwane da ba su yi mata komai ba.

Amma ya riƙe shi da kyau, wannan na gani da idona. Ya zauna daram a tsakanin yatsun. Sai ya sunkuya a kan gilashin, ya kalli wurin da zai fara, rawar ta dawo.

Ya ce, "Kai, ka ƙyale ni haka nan. Leda, salatif, gobe kuma siminti za ka kwaɓa mini?"

Na ce to.

"Ba ka da aikin yi ne?"

Na ce ina da shi.

"To je ka yi."

Na tafi na wanke burusan da na riga na wanke.

Litinin

Gidan bene, hawa na biyu, fari a kan fari. Kafaɗata ta gaji.

Talata, da yamma

Inna ta ce ya gwada da hagu mana, ai mutane da yawa da hagu suke yi. Ya gwada a gabanta don ta bar maganar. Abin da ya fito kamar kaza ta taka tawada. Inna ta daɗe tana kallo ta ce ai ya yi kyau. Yaya ya yi dariya, irin wadda gara a ce bai yi ba.

Abokansa biyu na wurin aiki sun zo dubiya. Ya ce a ce yana barci. Na san dalili. Mutum in ya shigo, hannu zai miƙo.

Laraba, da safe

Na ji su ta bango, shi da Anti. Ba ihu ba ne, ƙasa-ƙasa ne, wanda ya fi ihu ciwo. Ta ce in ba zai yi don kansa ba ya yi don mutanen da ke ta zirga-zirga a kansa. Ya ce wa ya aike su? Daga baya ta fito ta same ni ina ɗaura takalmi, idonta ja.

"Ƙaramin miji, mayar da allon nan kafin Dogo ya ce mun cinye masa."

Na ce bari zuwa jibi.

"Kai ba ka gajiya ne?"

Na gaji. Ban dai gaya mata ba.

Alhamis, da azahar

Na dawo cin abinci na tarar Madam ta kira. Yana zaune a tebur ɗin falo, waya a kunnen hagu, idonsa a kan silin, yana ta "Haka ne, ranki ya daɗe. Na sani. A'a, ina ƙoƙari." Na bar kwalin da nake gwada kala a kai a kan tebur tun safe, da fensirina na aiki, mai faɗin nan.

Ina cin abinci sai na ga hannun ya fito da kansa. Ya lalubi fensirin. Yaya yana can yana kallon silin yana ba Madam haƙuri, hannun yana nan ƙasa yana aikinsa. Tsagewa ya zana. Ta taso daga kusurwa, ta rabu biyu, ɗaya reshen ya yi siriri ya ɓace, ɗayan ya yi kauri inda filasta ta ɓare. Ko rawa ɗaya babu. Na daina tauna don kada cokali ya yi ƙara.

Ta yi sallama. Ya sauke waya, ya sauke ido, ya ga hannun a kan kwali. Fensirin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa.

Bai kalli zanen ba. Ya shige ɗaki.

Na ɗauki kwalin na sa a jakar aikina. Duk yammacin nan ina kan tsani ina tunani. Ba santsi ba ne. Ba alƙalami ba ne. Na ɗauko masa allon da dole sai ya kalli hannun kafin ya ga layin, har da fitila a ƙasa tana haska masa shi. Ni da nake ganin yadda yake wanke shi a famfo fuskarsa a juye.

Juma'a, da yamma

Na mayar da mai gilashi. Dogo ya duba kusurwa huɗu, ya shinshina ko akwai warin fenti, sannan ya ce to wanne kuma? Na nuna baƙin.

"Mai fenti, ka dawo da mota ka ɗauki keke?"

Na ce keken nake so.

Ya fito da girma uku. Ƙaramin ya ce sai wuyan hannu ya yi ta aiki, babban kuma sai an yi ta jan kafaɗa. Na ɗauki na tsakiya, don wuyan hannun ne mai gashi ta ce a lallaɓa, kafaɗar kuma ita ma ta sha ƙasa. Na ciro awon da na yi da igiya, na aljihun teburin Yaya, wanda ake jawowa a ɗora kibod. Allon ya shiga, har da sauran wuri. Na shafa fuskarsa, tana da ɗan kaushi kamar bangon da aka yi wa shafe ɗaya. Na ce ya nuna mini inda ake rage nauyin dannawa, yadda ko an taɓa kaɗan layi zai fito. Ya nuna mini sau uku, bai yi tsaki ba.

Da zan fita ya ce, "Ka ce ina gaishe shi. Ka ce kujerar shagon nan tana nemansa, ya daɗe bai zo ya raina mini kaya ba."

Asabar, da safe

Sun tafi asibiti shi da Anti, na shiga ɗakin. Na cire kibod na ɗora a sama. Na sa allon a cikin aljihun teburin, na tura shi rabi, yadda hannu zai shiga ƙarƙashin katako ya ɓace. Fuskar kwamfutar na ɗaga ta a kan gwangwanayen fenti biyu da babu komai a ciki, sai mutum ya ɗaga haɓa kafin ya gan ta. Na mayar da salatif a sabon alƙalamin.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wannan fa?"

Na ce Dogo ya karɓi wancan.

"Shi ne ka kawo mini allon yara? Da wannan na fara, kana yawo ba wando."

Na ce shi ya samu.

"Gwangwanayen kuma na mene ne? Shago ka buɗe a ɗakina?"

Na ce wuri ne babu a ɗakina.

Ban iya gaya masa dalili ba. Ta ina zan fara? In na ce Yaya hannunka ne ba ka son gani, na sa shi ya gani ke nan. Anti ta kalli teburin, ta kalle ni.

Lahadi

Bai taɓa ba.

Litinin, da yamma

Bai taɓa ba. Ya ɗora kofin shayi a kan aljihun teburin. Ƙarshen wata ranar Juma'a ne.

Talata, da rana

A wurin aiki an sa ni kankare wani tsohon bangon katanga kafin a yi masa sabon shafe. Kala uku na samu a ƙarƙashin juna, shuɗi, ruwan ƙasa, da wani kore tun na masu gidan na farko. Da can in na ga irin wannan hoto nake ɗauka in tura masa, ya ce in matsa kusa, in tsaya inda rana ta bugo daga gefe. Na ɗauka. Na tura ban rubuta komai ba.

Ya gani, alamar ta nuna. Bai amsa ba.

Laraba, da sassafe

Ina ɗaura takalmi na ji wani ƙar-ƙar-ƙar, siriri, kamar ɓera a cikin kwali. Anti ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Muka tsaya a tsakar gida kamar an dasa mu. Inna ta taho za ta yi magana, Anti ta ɗora yatsa a baki, yau ita ce ke hana surukarta magana, kuma Inna ta yi shiru.

Bakin alƙalami ne a kan allo. Ya tsaya. Ya ci gaba.

Na leƙa ta gefen labule. Haɓarsa a sama, idonsa a kan fuskar kwamfuta, hannun yana can ƙarƙashin katako, gwiwar hannun kawai nake gani tana motsi. Na saki labulen na tafi aiki. Na makara, mai gidan ya yi faɗa, na ba shi haƙuri ina murmushi, abin ya ƙara ba shi haushi.

Laraba, da yamma

Ya yi ya gaji, hannun ya kumbura kaɗan. Anti ta gasa masa da ruwan ɗumi, fuskarsa a bango. Na ce ya jiki. Ya ce, "Yana ciwo." Tun da abin ya faru yau ne ya fara ba ni amsar gaskiya.

Alhamis

Ƙar-ƙar tun safe. Ya aiko Anti ta ce in ƙara salatif, ya yi laushi.

Juma'a, da la'asar

Ya tura. Madam ba ta ce komai ba tukuna. Gidan ya yi tsit, kowa yana yin kamar ba wayar yake saurare ba. Inna ta share lungu har ƙarƙashin tampol.

Asabar, da hantsi

Ta amsa. Ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta ce sannu ba. Ta ce tsatsar da ke ƙarƙashin taga ta yi yawa, ya rage, kuma akwai wasu bangaye huɗu da ƙofar ƙarfe tana so kafin Laraba. Yaya ya karanta mana yana tsaki, ya ce matar nan ba ta da tausayi. Anti ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi tana cewa wallahi kuwa, ba ta da shi.

Ya ce in zo in ga abin da ya tura. Na ɗauka katangar da na tura masa hotonta ce. Ashe bangon lungunmu ne, na shiga gida, babu mashin ɗin, bangon kawai. Ga inda ruwa ke bi daga indararo. Ga baƙin da kafaɗunmu suka yi a kusurwa. Can ƙasa kuma ga wani faci mai kumburi, kalarsa ba ta dace da sauran ba.

"Ka gane wannan?"

Na ce ban gane ba.

"Ƙarya kake. Aikinka ne na farko. Dubi nan, ko daidaita shi ba ka yi ba. Nan ma. Wai mai fenti."

Yana yi yana buga fuskar kwamfutar da yatsa, nan, da nan, da nan. Da hannun dama. A fili, cikin hasken taga, har ramukan ɗinkin ina gani.

Bai lura ba. Na tsayar da idona a kan facin, na ce siminti ne ya yi kaɗan a ranar.

Ya ce, "Hannu ne dai bai iya ba."

Na ce to, Yaya.